Yadda Nake Neman Hanyoyin Burji Masu Kyan Gani Idan Na Ɗauki Motar Haya

Akwai wani sauti da nake ɗokin ji a duk tafiyar hutun da zan yi da mota, wato sautin da tayoyi ke yi a daidai lokacin da suka sauka daga kan kwalta suka hau burji. Gunjin nan mai laushi da kunne ya saba da shi tun safe sai ya ɗauke, ƙarar tsakuwa ta maye gurbinsa, sitiyari ya fara ɗan motsi a tafin hannu, ƙura kuma ta turnuƙe a madubin baya. Daga nan motoci sukan ragu, allunan talla su ɓace, ƙasar da mutum ya zo gani ta fara bayyana masa yadda take. Na daɗe da lura cewa wuraren da suka fi zauna mini a zuciya bayan na dawo daga tafiya, kusan dukkansu a kan irin waɗannan hanyoyi na gamu da su, shi ya sa nake ɓata lokaci mai tsawo wajen nemansu tun kafin in sayi tikitin jirgi. Sai dai kasancewar motar da nake tuƙawa a baƙuwar ƙasa ta haya ce, neman ya zama yana da wasu ƙa'idoji da na koya sannu a hankali, wasunsu kuma na koye su ne da wahala.

Dalilin da ya sa waɗannan hanyoyi suka fi manyan tituna kyan gani yana cikin tarihinsu. Babban titi ana gina shi ne domin sauri, saboda haka injiniyoyi sukan fasa tsauni, su cike kwari, su miƙar da duk abin da ya karkace. Hanyar burji kuwa galibi wata buƙata ce ta haife ta a lokacin da babu kuɗi ko kayan aikin da za a yi wa ƙasa dole, don haka sai ta bi ƙasar yadda ta same ta, ta kewaye dutse, ta gangara bakin rafi, ta hau gefen kwazazzabo. Hanyar White Rim da ke gandun Canyonlands a jihar Yuta ta Amurka, mai tsawon kusan kilomita 160, an share ta ne a shekarun 1950 domin masu neman ma'adinin yuraniyom, haka ma Moki Dugway da ke kudancin jihar, wadda ke saukowa daga kan tsauni cikin kwanoni masu tsanani. Hanyar Gibb River da ke arewa maso yammacin Ostareliya, mai kimanin kilomita 660, domin kai shanu kasuwa aka yi ta. Ta Skippers Canyon a Niyu Zilan kuwa masu haƙar zinariya ne suka sa aka sassaƙa ta a jikin dutse a ƙarshen ƙarni na 19. Duk wanda ya gane wannan ya samu mabuɗin bincike na farko: idan yankin da za ka je yana da tarihin haƙar ma'adinai, ko kiwo, ko yankan katako, to akwai tsofaffin hanyoyi da aka bari a can, kuma wasunsu har yanzu ana kula da su.

A tafiyata ta farko irin wannan na yi abin da yawancin mutane ke yi, wato na fara ɗaukar mota, sannan na shiga neman inda zan kai ta. Motar doguwa ce, mai kyan fasali, kuma ganin tsayinta ya sa na ɗauka babu inda ba za ta shiga ba. Da la'asar, a kan wata hanya mai duwatsu masu kaifi, na ji bayan motar ya yi nauyi yana jan gefe guda. Da na fito sai na tarar dutse ya tsaga gefen tayar baya, tsagar da tsawonta ya kai ɗan yatsa, irin wadda faci ba ya gyara ta. Na buɗe but na ɗaga shimfiɗar ƙasa, maimakon safaya taya sai na ga ƙaramin famfo da kwalbar ruwan liƙe huda, abin da ba ya amfanar komai idan gefen taya ne ya yage. Wayata ba ta da sabis. Na zauna a inuwar motar fiye da awa uku kafin wani manomi ya biyo da motarsa ya taimake ni na isa inda zan yi kira. Washegari a ofishin kamfanin aka nuna mini wani layi a takardar da na sa wa hannu ba tare da na karanta ba, wanda ya ce duk ɓarnar da ta auku a hanyar da ba ta da kwalta inshora ba ta ɗauke ta ba. Kuɗin taya da na janwe duk a kaina suka faɗa, kuma ban ga laifin kowa ba, domin sharaɗin a rubuce yake tun farko.

Tun daga ranar na sauya tsari. Yanzu hanya nake fara zaɓa, ita kuma ta gaya mini irin motar da nake buƙata da kamfanin da zan nema, kuma takardar yarjejeniyar haya ita ce taswirar farko da nake karantawa, domin ita ce ke shata iyakar inda zan iya zuwa. Kamfanoni sun bambanta ƙwarai a wannan fanni. Manyan kamfanonin da ke filayen jiragen sama a Amurka galibi sun hana hawa duk wata hanya marar kwalta, ko da kuwa motar da suka ba ka mai jan tayoyi huɗu ce, abin da ke ba baƙi da yawa mamaki. A Niyu Zilan takardun haya sukan ambaci wasu hanyoyi da sunansu, cikinsu har da Skippers Canyon da gaɓar tekun Ninety Mile, su ce inshora ba ta aiki a kansu. A Alaska yawancin kamfanoni sun hana bin hanyar Dalton, mai tsawon kilomita 666, wadda aka gina a 1974 domin aikin bututun mai, sai wasu 'yan ƙananan kamfanoni da suka tanadi motoci musamman dominta. A Namibiya kuwa, inda mafi yawan hanyoyin ƙasar na tsakuwa ne, bin burji abu ne da aka yarda da shi, amma kamfanoni da yawa sun ƙayyade gudun kilomita 80 a awa a kansa, sun kuma sa wa motocin na'urar da ke adana bayanin gudu da wurin da aka bi, ta yadda idan hatsari ya faru za a duba a ga ko direba ya ƙetare iyaka.

Abin da nake yi shi ne in rubuta wa kamfanin saƙo kafin in biya ko sisi, in ambaci hanyar da sunanta ko lambarta, in tambaya ko an yarda in bi ta da motar da na zaɓa, sannan in adana amsar. Maganar baki ta ma'aikacin da ke kan kanta ba ta da nauyi ranar da aka samu matsala, domin abin da ke rubuce shi ake dubawa. Ina kuma tambaya dalla-dalla game da taya, da gilashin gaba, da ƙarƙashin mota, da kuɗin janwe, saboda waɗannan huɗun su ne burji ya fi ɓatawa, su ne kuma inshorar haya ta yau da kullum ta fi tsamewa daga cikin abin da take biya. A Aislan har inshora ta daban ake sayarwa saboda tsakuwar da ke fasa gilashi, da wata saboda yashi da tokar dutse mai aman wuta da iska ke kwasowa ta kankare fenti. Na san akwai masu cewa a yi shiru kawai a shiga, a wanke motar kafin a mayar, babu wanda zai sani. Ban yarda da wannan shawara ba. Motar haya amana ce da aka damƙa wa mutum bisa sharaɗi, wanda zai hau ta bayanka kuma bai san ka bugi ƙarƙashinta a kan dutse ba, alhali ransa da na iyalinsa suna kan wannan ƙarfen.

Idan na san iyakata, sai in koma ga neman hanyar kanta, kuma har yau taswirar takarda nake fara shimfiɗawa. Allon waya ƙarami ne, idan ka janyo hoton baya domin ka ga yankin gaba ɗaya sai ƙananan hanyoyi su ɓace, alhali su ne abin da kake nema. A kan takarda kuwa ido yakan yi yawo, ya ga wani siririn layi da ya bar babban titi ya nufi cikin tsaunuka ya sake fitowa ta wani gari. Taswirorin kamfanin Michelin suna da wata al'ada da ta daɗe, ta zana koren layi a gefen duk hanyar da suke ganin tana da kyan kallo, kuma sau da yawa wannan koren layi ya kai ni wuraren da ba zan taɓa sani ba. Bayan haka ina duba layukan da ke nuna tudu da gangare. Inda suka matsu da juna akwai hawa mai tsanani, inda hanya ta bi gefensu tana lanƙwasa akwai tsayin da za a hango nesa, inda kuma ta ƙetare shuɗin layi ba tare da alamar gada ba, to mashigin ruwa ne, sai a yi hattara. Ƙasashe da dama kuma suna bayyana matsayin hanya ta harafin da ke gaban lambarta. A Namibiya B manyan tituna ne masu kwalta, C galibi burji ne da ake gyarawa a kai a kai, D kuma ƙananan hanyoyi ne da halinsu ya danganta da lokacin da aka yi musu gyaran ƙarshe. A Aislan harafin F yana nufin hanyar tsauni, wadda doka ta ce sai mota mai jan tayoyi huɗu ce za ta hau.

Daga takarda sai in wuce intanet domin tantancewa. Taswirar OpenStreetMap, wadda masu sa kai ke ginawa tun 2004, tana da wani amfani da mutane da yawa ba su sani ba, domin a kan hanyoyi masu yawa an rubuta irin shimfiɗarsu, ko tsakuwa, ko turɓaya, ko yashi, har ma an karkasa ƙananan hanyoyi daga mataki na 1, mafi ƙarfi, zuwa mataki na 5, wanda kusan sawun tayoyi ne kawai a kan ciyawa. Hukumar kula da dazuzzukan Amurka kuma tana raba taswirori kyauta da ke nuna hanyoyin da aka halatta wa motoci a kowane daji da watannin da suke buɗe. Amma abin da na fi ɓata lokaci a kansa shi ne hoton tauraron ɗan'adam. Nakan bi hanyar da ido daga farkonta har ƙarshe, taƙi bayan taƙi, ina neman wasu alamomi. Idan faɗinta ɗaya ne ko'ina kuma gefenta a share yake, alama ce cewa motar gyaran hanya na bi ta kanta. Idan na ga ta rabu gida uku ko huɗu a wani wuri sannan ta sake haɗewa, na san akwai taɓo ko rami da direbobi ke kauce wa. Idan ciyawa ta tsiro a tsakiyarta, motoci ba su cika bi ba, kuma wanda ya lalace a can zai daɗe bai ga mai taimako ba. Wani siririn baƙin layi da ya gitta ta kuwa sau da yawa ƙofar shinge ce, wadda za ta iya kasancewa a kulle, ko ta nuna cewa daga nan gonar wani ce. Hotuna da bidiyon da wasu matafiya suka ɗora suna taimakawa, amma kullum ina duba kwanan watansu, domin damina guda ta isa ta mayar da hanya mai kyau ta zama kwazazzabo.

Manhajar da ke yi wa direba jagora da murya ba ta da amfani sosai a wannan aiki, har ma takan cutar. An tsara ta ne ta nemo hanya mafi sauri, saboda haka ko dai ta ƙi nuna maka burjin da kake so, ko kuma ta jefa ka cikin wanda ba ka shirya masa ba saboda ta ga ya fi gajarta, tana lissafa lokaci kamar a kan kwalta kake. Ni dai nakan sauke taswirar yankin a waya tun ina da sabis, in ajiye ta takarda a kujerar gefe, in kuma rubuta sunayen mararrabar da zan bi a ƙaramar takarda.

Duk da wannan bincike, babu abin da ya kai tambayar mutanen wurin, domin matambayi ba ya ɓata. Sai dai tambayar ma tana da dabara. Idan ka ce wa mutum, shin hanyar nan tana da kyau, zai amsa maka gwargwadon motarsa da sabonsa, kuma wanda ya yi shekara talatin yana bin ta da akori-kura zai ce maka lafiya lau take. Abin da na koya shi ne in nuna masa motar da nake tuƙawa, in tambaye shi yaushe rabonsa da bin hanyar, ko an yi ruwa a makon nan, wane wuri ne ya fi muni, kuma awa nawa take ɗaukarsa. Ma'aikatan gandun daji, da masu sayar da mai a gari na ƙarshe, da masu gyaran taya su ne suka fi ba ni sahihin labari. Mai gyaran taya musamman ya san kowace hanya ta irin raunin da take yi wa tayoyin da ake kawo masa. Sau da yawa kuma a cikin irin wannan hira ne wani zai ce, ai wadda kake nufi kowa ita yake bi, amma akwai wata a bayan tsaunin can da ta fi ta kyau, ita kuwa babu ta a cikin kowane littafin jagora.

Lokacin shekara yana da nauyi daidai da zaɓin hanyar. Hanyoyin F na Aislan a rufe suke mafi yawan shekara, ana buɗe su ɗaya bayan ɗaya daga watan Yuni zuwa Yuli idan ƙanƙara ta narke ƙasa ta bushe, sannan a sake rufe su da kaka. Hanyar Gibb River takan rufe a daminar arewacin Ostareliya, kusan daga Nuwamba ko Disamba zuwa Afrilu, lokacin da koguna ke cika su shafe mashigai. A kudancin Yuta akwai hanyoyin da ke kan wani irin yumɓu wanda idan ya bushe ko ƙaramar mota za ta bi, amma ruwan sama na ɗan lokaci kan mayar da shi sulɓi mai liƙewa a taya, har mota mai jan tayoyi huɗu ta kasa motsi. Batun ruwa kuwa ba na wasa da shi ko kaɗan. Hukumar hasashen yanayi ta Amurka tana gargaɗin cewa ruwa mai gudu da zurfinsa ya kai santimita 30 zai iya ɗaga ƙaramar mota, santimita 60 kuma zai iya tafiya da mafi yawan motoci. Ko ruwan bai ja mota ba, idan ya shiga ta inda injin ke shaƙar iska sai ya lalata shi nan take, saboda ruwa ba ya matsuwa kamar iska, kuma a Aislan inshorar haya ta yau da kullum ba ta biyan wannan ɓarna. Idan na iso mashigin da ban ga ƙasansa ba, kuma babu wata mota da ta ƙetare a gabana na ga iya inda ruwan ya kai mata, juyawa nake yi.

Game da motar kanta, abu uku nake dubawa, kuma kyan jiki ba ya cikinsu. Na farko shi ne tazarar da ke tsakanin cikinta da ƙasa, domin ita ce ke raba wanda zai wuce da wanda zai fasa tankin man inji a kan dutse. Ƙananan motoci sukan samu santimita 13 zuwa 15, hanyoyin da ake cewa sai doguwar mota kuwa suna buƙatar santimita 20 ko fiye. Na biyu shi ne bambanci tsakanin motar da ke raba ƙarfi ga tayoyi huɗu da kanta, wadda ta wadatar a kan tsakuwa da ɗan sulɓi, da wadda ke da ƙaramar giya ta musamman mai ba ta damar rarrafawa a hankali da ƙarfi a kan hawa ko gangara mai tsanani. Hanyoyi irin su White Rim, wadda sai da takardar izini ake shiga, da mashigin tsauni na Sani da ke hawa daga Afirka ta Kudu zuwa Lesoto har sama da mita 2,800, motar da ke da ƙaramar giyar nan suke buƙata, kuma wanda zai hau Sani sai ya karɓi takardar amincewar kamfani domin ƙetare iyaka da motar. Na uku, wanda na fi ba muhimmanci, shi ne taya. Kafin in bar harabar kamfani nakan durƙusa in duba zanen kowace taya da gefenta, in ciro safaya in tabbatar cikakkiya ce kuma da iska a cikinta, in ga jak da sifana da idona, in gwada ko sifanar ta dace da notin. Sannan in ɗauki hoton motar ta kowane ɓangare, har da rufinta da gilashinta da abin da kyamara za ta iya gani na ƙarƙashinta. A Namibiya motocin da ake bayarwa domin doguwar tafiya sukan zo da safaya biyu, kuma wanda ya bi hanyoyin ƙasar ya san dalili.

Tuƙin kansa bai da wani sirri face haƙuri. Sau da yawa hatsarin burji a kan miƙaƙƙiyar hanya marar gargada yake faruwa, inda direba ya saki jiki ya taka mota, sai kwana ta zo masa ba zato, ya taka birki da ƙarfi, tsakuwa ta zame a ƙarƙashinsa. Gargadar nan mai kama da haƙarƙari da ke fitowa a kan burji tana rage riƙon da taya ke yi wa ƙasa, ko da kuwa gudu ya sa mutum ya daina jin jijjigar. A gangara mai tsawo giya nake saukewa in bar inji ya riƙe motar, domin birkin da aka daɗe ana takawa yakan yi zafi ya daina kamawa. Idan wata mota ta tunkaro nakan rage gudu in matsa gefe saboda tsakuwar da za ta watso, in kuma kunna fitila cikin ƙura. Nakan ninka lokacin da nake zaton tafiyar za ta ɗauka, in cika tanki a gidan mai na ƙarshe, in ɗauki ruwan sha fiye da buƙatar yini, in kuma gaya wa wani hanyar da zan bi da lokacin da ya kamata ya ji daga gare ni. A hanyar Dalton, alal misali, daga Coldfoot zuwa Deadhorse akwai kusan kilomita 390 babu gidan mai ko ɗaya. Wani abin da ba na yi kuma shi ne sauka daga kan hanya in shiga fili, komai kyan wurin da na hango. A Aislan doka ta haramta hakan da tara mai nauyi, saboda gansakukar da ta lulluɓe duwatsun ƙasar takan ɗauki shekaru masu yawa kafin ta farfaɗo daga sawun taya guda, kuma ƙasar hamada ma haka take riƙe tabo.

Bayan duk waɗannan shekaru, ra'ayina shi ne hanyoyin da suka fi dacewa da mai motar haya ba su ne mafiya wahala ba. A kan muguwar hanya idon direba yana kan duwatsun da ke gaban tayarsa ne tun safe har yamma, zuciyarsa kuma tana kan abin da zai biya idan wani abu ya karye, sai ya dawo bai ga komai ba. Matsakaiciyar hanya, wadda ake gyarawa amma ba a shafa mata kwalta ba, ita ce ke barin mutum ya ɗaga kai ya kalli abin da ya kawo shi.

Wadda ta fi tabbatar mini da haka ita ce mashigin tsauni na Swartberg a Afirka ta Kudu, tsakanin garuruwan Oudtshoorn da Prince Albert, wanda injiniya Thomas Bain ya gina da ƙwadagon fursunoni aka buɗe shi a 1888. Na rubuta wa kamfanin haya tun da wuri suka amince, na tambaya a gari aka ce an kwana biyu ba a yi ruwa ba, sai na kama hanya da sassafe daga ɓangaren kudu. Hawan ya ɗauke ni a hankali har ƙololuwar da ta haura mita 1,500, inda iska ke kaɗawa da ƙarfin da sai na riƙe ƙofar mota da hannu biyu kafin in fita. Saukar ɓangaren arewa ce ta fi tsaya mini a rai. Hanyar tana naɗewa kamar igiya a jikin tsaunin, kuma a wata kwana na faka inda ta ɗan yi faɗi, na fito na dafa katangar da ke riƙe da ita. Duwatsu ne aka jera ɗaya a kan ɗaya ba tare da siminti ba, manya a ƙasa, ƙanana cushe a tsakaninsu, kowanne ya zauna daram a inda hannun wani ya ajiye shi fiye da shekara 130 da suka wuce. A gabana kuma jajayen duwatsun kwazazzabon sun lanƙwashe sun naɗe kamar tabarmar da aka murɗa, ƙarar ruwa na tasowa daga can ƙasa.

Kafin wannan kwanar na wuce wata mararraba da ta yi yamma zuwa Gamkaskloof, kwarin da mutanensa suka zauna a keɓe ba tare da hanyar mota ba har zuwa 1962. Na tsaya a bakinta na karanta allon gargaɗin da ke wurin, na duba agogo, na tuna cewa hanya ce da ba ta ɓullewa, sai an dawo ta inda aka shiga, kuma ba ta cikin abin da na tambayi kamfanin, safayata kuma guda ɗaya ce. Na ɗauki biro na zagaye sunan wurin a kan taswira, na rubuta irin motar da zan nema da yawan kwanakin da zan ware masa a wata tafiyar, sannan na tayar da mota na ci gaba da gangarawa zuwa Prince Albert.